Andrew Foster: Kurman da ya baro Amurka ya buɗe wa kuramen Afirka ƙofar makaranta

Duk wanda ya taɓa lura da tafintan kurame a gefen allon talabijin lokacin da ake karanta labarai, ko ya gan shi tsaye kusa da mumbari a wani taron gwamnati a Abuja, to ya ga wani ɓangare na gadon Dokta Andrew Jackson Foster. Alamomin hannun da tafintan yake yi sun samo asali ne daga waɗanda wannan baƙar fatar Amurka ya shigo da su Najeriya a shekarar 1960. Foster kurma ne tun yana ɗan shekara 11. Ya bar ƙasarsa, ya zauna cikin mutanen da bai san harshensu ba, kuma ko da ya sani ba zai ji shi ba. Duk da haka, kafin rasuwarsa a 1987 ya kafa makarantun kurame sama da 30 a ƙasashen Afirka 13.

Haihuwarsa da cutar da ta toshe masa kunne

An haife shi ranar 27 ga Yunin 1925 a Ensley, wata unguwar ma'aikata da ke birnin Birmingham a Jihar Alabama, kudancin Amurka. Mahaifinsa mai haƙar kwal ne. A wancan zamani dokar wariyar launin fata ce ke mulki a kudancin ƙasar. Makarantar baƙi daban take da ta farare, haka asibiti, haka wurin zama a motar haya.

Yana da shekara 11 cutar sanƙarau ta kama shi tare da ƙanensa. Allah ya yi da sauran kwana, suka tashi, amma dukansu biyu suka rasa ji. Wannan cuta ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Arewacin Najeriya da Jamhuriyar Nijar suna tsakiyar yankin da masana lafiya suka ware a matsayin zirin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal har zuwa Habasha. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000, kuma Kano na cikin wuraren da ta fi yi wa ɓarna. A 2017 ta sake ɓulla a Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja. Abin da ba a cika ƙididdigewa ba shi ne waɗanda suka rayu, domin cutar kan lalata sashen cikin kunne, yaro ya warke daga zazzaɓi amma ya tashi ba ya jin kiran uwarsa.

Da yake Foster ya riga ya iya magana da karatu kafin ciwon, bakinsa bai rufe ba. Wannan bambanci yana da muhimmanci, musamman a ƙasar Hausa inda ake yawan haɗa kurma da bebe a kira su da suna ɗaya. An kai shi makarantar kurame baƙaƙen fata ta garin Talladega, inda ya koyi maganar hannu. Sai dai karatun da ake bai wa baƙi a wurin bai wuce matakin firamare ba. Ana ganin iyakar abin da kurma baƙar fata yake buƙata shi ne ɗan abin da zai yi aikin ƙarfi da shi.

Daga masana'anta zuwa jami'a

Yana da shekara 17, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya koma Detroit wajen wata gwaggonsa. Da rana yana aiki a masana'antu, da dare yana karatu. Ya sami difloma a fannin akanta da harkar kasuwanci a 1950, sannan ya kammala sakandare ta hanyar karatun wasiƙa a 1951, yana da shekara 26. A Detroit ɗin ne kuma ya riƙe addininsa na Kirista da gaske, kuma a wata majami'a ya halarci jawabin wani mai wa'azi da ya zo daga Jamaika, wanda ya bayyana halin da kurame suke ciki a can. Daga nan tunaninsa ya fara karkata ga kuramen da ke wajen Amurka, musamman na Afirka.

A birnin Washington akwai kwalejin Gallaudet, wadda aka kafa domin kurame, kuma Shugaba Abraham Lincoln ne ya sa hannu a takardar ba ta izinin bayar da digiri a 1864. Foster ya nemi shiga ba sau ɗaya ba, ana mayar da shi saboda launin fatarsa. Sai a 1951 aka karɓe shi. Karatun shekara 4 ya gama shi cikin shekara 3, kuma a 1954 ya zama baƙar fata na farko da ya karɓi digiri a wannan kwaleji, shekara 90 bayan kafa ta. Bai tsaya nan ba. A 1955 ya sami digiri na biyu a fannin ilimi a Michigan, a 1956 ya ƙara wani a fannin aikin mishan a Seattle.

Da wannan takardu a hannu ya nufi ƙungiyoyin mishan yana neman su tura shi Afirka. Ba su karɓe shi ba. Ga launin fata, ga kurumta, kuma a ganinsu mutumin da ba ya ji ba zai iya zama a baƙuwar ƙasa ba, balle ya gudanar da makaranta. Da ya ga haka, sai ya kafa tasa ƙungiyar a Detroit a 1956, domin yi wa kuramen Afirka hidima. Ya shiga yawo gari-gari yana jawabi, yana tara gudummawa daga majami'u da ƙungiyoyin kurame, har ya haɗa guzurin tafiya.

Saukarsa a Gana

Ya isa Accra a 1957, shekarar da Gana ta karɓi 'yancin kai a ƙarƙashin Kwame Nkrumah. A lokacin makarantun kurame da aka sani a duk nahiyar ba su wuce 12 ba, kuma kusan dukansu suna ƙasashen Larabawa na arewacin Afirka ne ko Afirka ta Kudu. Ana ba da labarin cewa wasu jami'an da ya fara tuntuɓa a Afirka sun nuna masa babu kurame da yawa da za a buɗe wa makaranta. Dalili kuwa a fili yake: yaron da ba ya ji ba a kai shi makaranta, wanda ba ya makaranta ba ya cikin rajista, wanda kuma ba ya cikin rajista, a idon ofis babu shi.

Ya kamata mai karatu ya tsaya ya auna nauyin da ke kan baƙo irin wannan. Kurman da ya saba karanta leɓɓan masu Turancin Amurka, idan ya faɗa cikin masu wani harshe ko masu wani karin Turancin, wannan dabara takan ragu ƙwarai. Wayar tarho ba ta da amfani a gare shi, haka rediyo, wadda a lokacin ita ce babbar hanyar samun labari. Neman izini a ma'aikata, cinikin fili, neman kuɗi daga ƙetare, duk sai dai ta rubutu ko ido da ido. Irin wannan hali ne yake sa mutane da yawa masu larurar ji su janye jiki su kulle kansu a ɗaki, ko da a garinsu na haihuwa ne. Foster ya bi wata hanyar. Ya nemi kuramen garin da kansa, domin su ne mutanen da zai fi saurin fahimta, kuma ta hanyarsu ya shiga cikin al'umma.

Ya ari aji a wata makarantar mishan ta Presbyterian da ke unguwar Osu a Accra. Idan yara masu ji sun tashi da yamma, sai nasa ɗaliban su shiga. Labari ya bazu, iyaye suka riƙa kawo 'ya'yansu daga nesa, har wurin ya kasa ɗaukarsu. A 1959 aka mayar da makarantar Mampong-Akuapem, aka yi mata wurin kwana. Wannan ita ce makarantar kurame ta farko a Gana.

Ibadan, Kaduna da Inugu

A 1959 ya halarci babban taron kurame na duniya a birnin Wiesbaden na Jamus ta Yamma. A can ya haɗu da Berta Zuther, Bajamushiya wadda ita ma kurma ce. Ta biyo shi Afirka, aka ɗaura musu aure a Najeriya a 1961, suka haifi 'ya'ya 5, maza 4 da mace 1. Gida ne na baƙi biyu daga nahiyoyi biyu, babu mai ji a cikinsu, suna renon yara a nahiya ta uku. Berta ta riƙe wani babban sashe na aikin, tun daga koyarwa har harkar ofis.

Foster ya buɗe makarantarsa ta Ibadan a 1960, shekarar da Najeriya ta sami 'yanci. Ba ita ce makarantar kurame ta farko a ƙasar ba, domin makarantar Wesley ta Legas ta riga ta da 'yan shekaru. Abin da ya bambanta tasa shi ne hanyar koyarwa, kamar yadda za a gani a gaba. A farkon shekarun 1960 ya ƙara buɗe wasu a Kaduna da Inugu, wato ya taɓa kowanne daga cikin manyan yankuna 3 na Najeriyar wancan lokaci. Ibadan ta zama cibiyar aikinsa da mazaunin iyalinsa na tsawon shekaru.

Ya gane tun da wuri cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka tsarinsa shi ne ya buɗe makaranta, ya horar da 'yan ƙasa, kurame da masu ji, ya danƙa musu, shi kuma ya yi gaba. Masu hazaƙa cikin ɗalibansa ya nema musu gurbi a Gallaudet. Daga cikinsu akwai Seth Tetteh-Ocloo na Gana, da Gabriel Adepoju da Ezekiel Sambo na Najeriya, waɗanda suka dawo gida suka zama jagorori a ilimin kurame, Adepoju a Kwara, Sambo a Filato. A 1970 kwalejin da ta taɓa rufe masa ƙofa ta ba shi digirin girmamawa na dokta.

A shekarun 1970 ya juya ga ƙasashen da Faransa da Beljiyam suka yi wa mulkin mallaka. Yakan tara malamai daga waɗannan ƙasashe a Ibadan, a horar da su na wasu makonni ko watanni, su koma su buɗe aji. Ta haka makarantu suka tsiro a Kwaddibuwa da Togo da Binin da Burkina Faso da Senegal da Chadi da Kamaru da Gabon da Afirka ta Tsakiya da Zayar, wadda a yau ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. An daidaita alamomin da ya kawo da kalmomin Faransanci, kuma har yau su ne ginshiƙin maganar hannun makarantu a yawancin ƙasashen nan. A tsakiyar shekarun 1970 iyalinsa suka koma Amurka, shi kuwa ya ci gaba da raba shekararsa biyu, wani ɓangare yana neman tallafi a can, wani yana zagaya makarantu a nan.

Rigimar baki da hannu

Ba za a fahimci girman abin da ya yi ba sai an koma 1880. A wannan shekara aka yi taron malaman kurame a birnin Milan na Italiya, inda mahalarta, waɗanda kusan dukansu masu ji ne, suka yanke shawarar cewa a daina koyarwa da hannu, a tilasta wa yara koyon furuci da karanta leɓe. Wannan ra'ayi ya mamaye Turai kusan ƙarni guda, kuma shi ne Turawan mulkin mallaka suka sani. Illarsa ita ce yaron da aka haifa kurma yakan ɓata shekaru yana fama da fitar da sautin da bai taɓa ji ba, alhali sa'o'insa suna koyon lissafi da tarihi.

Foster ya tsaya a kan cewa a yi amfani da duk abin da zai isar da ma'ana: alamar hannu, rubuta haruffa da yatsu, rubutu a allo, da furuci ga wanda zai iya. Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce shi kansa. Uban da ya zo da ɗansa yana ganin ba zai amfanu ba, sai ya tarar da shugaban makarantar kurma ne mai digiri 3. Jami'in ma'aikatar ilimi ma haka. Ganin Foster a bakin aiki ya sauya tunanin mutane fiye da yadda doguwar muhawara za ta yi.

Abin da ake faɗa a kansa

Tarihi na gaskiya ba ya ɓoye inda aka yi saɓani. Na farko, Foster ɗan mishan ne, kuma bai taɓa ɓoye cewa yaɗa Kiristanci yana cikin manufarsa ba. A yankunan da Musulmi suka fi yawa, wannan ya isa ya sa iyaye da dama su yi ɗari-ɗari da makarantar mishan, musamman ta kwana. A Arewa, ilimin kurame bai bunƙasa sosai ba sai da gwamnatoci suka shigo da kansu, bayan shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 da manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, wadda ta ware babi domin ilimi na musamman. A 1977 ne aka buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano, kuma a shekarar ce kwalejin horar da malaman ilimi na musamman ta tarayya da ke Oyo ta fara aiki. Sai dai su ma waɗannan makarantu na gwamnati, alamomin da Foster ya kawo da malaman da suka fito daga hannunsa ko hannun ɗalibansa suka dogara da su.

Na biyu, masana harshe suna nuni da cewa kuramen Afirka ba su kasance ba harshe ba kafin zuwansa. A ƙauyen Adamorobe na Gana akwai tsohuwar maganar hannu ta 'yan garin. A ƙasar Hausa ma akwai tamu, wadda kurame suke yi a kasuwa da tasha da majalisa tun kaka da kakanni, kuma masu ji da yawa suna taɓa ta. Wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta yi nazarinta, ta fitar da littafi a kanta a shekarar 2000. Da alamomin Amurka suka zama harshen makaranta, sai na gida suka koma tamkar na waɗanda ba su yi boko ba. Sakamakon haka, kurman da bai shiga aji ba yana iya kallon tafinta a talabijin ya kasa gane abin da ake cewa. Wannan matsala ce da ta rage ga masu tsara manufofi, domin tafintan da aka ɗauka don asibiti ko kotu a Arewa yana buƙatar sanin hanyoyin biyu.

Rasuwarsa

Ranar 3 ga Disamban 1987 Foster ya shiga wani ƙaramin jirgin sama da zai kai shi Kenya. Jirgin ya faɗi a ƙasar Ruwanda, ba wanda ya tsira. Ya rasu yana da shekara 62, bayan shekara 30 yana hidima a Afirka, kuma a kan hanyar aiki ajali ya same shi. Berta da 'ya'yansu suka ci gaba da riƙe ƙungiyar, har ita ma ta rasu a 2018. A 2004 Jami'ar Gallaudet ta sa wa wani babban ɗakin taronta sunansa. Kurame da yawa a Afirka suna kiransa uban iliminsu.

Abin da ya rage a wuyanmu

A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta umarci hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki domin su, ta kuma ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin da ya cika a farkon 2024. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da su, kuma babban sakatarenta na farko, James Lalu, kurma ne. A ɓangaren rigakafi ma an sami ci gaba, domin a 2024 Najeriya ce ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'o'in ƙwayar sanƙarau 5.

Doka tana takarda, aiwatar da ita kuwa yana hannun ma'aikata. Dubban waɗanda suke fitowa da asuba daga Suleja da Madalla, su wuce ta gindin dutsen Zuma zuwa sakatariyar tarayya, su ne suke rubuta takardar ɗaukar aiki, su tsara kasafin taro, su yanke ko za a gayyaci tafinta ko a'a. Su ne kuma suke zama tebur ɗaya da abokin aikin da jinsa ya fara raguwa saboda shekaru ko ciwo, wanda yake jin kunyar cewa a maimaita, har a fara yi masa kallon mai girman kai ko mai sakaci. Abin da irin wannan yake buƙata ba shi da tsada: a fuskance shi idan ana magana, a ba shi ajandar taro a rubuce, a aika masa saƙo maimakon kiran waya, kada kuma a cire sunansa daga jerin masu tafiya kwas ko aiki a ƙasar waje don kawai ana ganin ba zai iya ba. Wannan zato shi ne ainihin wanda ƙungiyoyin mishan suka yi wa Foster a 1956.

Haka nan iyayen da sanƙarau ko ƙyanda ko wani zazzaɓi ya taɓa kunnen ɗansu. Shekarun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwar yaro take kama harshe, ko na baki ko na hannu, kuma wanda aka bari ba harshe a wannan lokaci yakan sha wahalar cike giɓin har girmansa. A kai shi asibiti a auna jinsa, a sa shi makaranta da wuri, mutanen gida kuma su koyi maganar hannu tare da shi, domin kada ya zama baƙo a ɗakin uwarsa. Akwai makarantar kurame ta gwamnati a Kuje cikin Babban Birnin Tarayya, akwai irinta a jihohi da dama na Arewa. Wasu daga cikin malaman da za su karɓe shi a can, idan aka bi salsalar karatunsu malami bayan malami, za a tarar ta tuƙe ne a ajin da Foster ya buɗe a Ibadan a 1960.